Janaretan Kanada da Injin Casar Dangoma

Idan muka ɗaga kai a Kalgo ko Birnin Kebbi za mu ga wayoyi uku jere a kan manyan turakun lantarki. Masu gyaran wuta suna ce musu fes uku. Wutar madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana isowa Birnin Kebbi da bolt 330,000. Daga nan taransifomomi suke sauke ta mataki-mataki, 132,000, 33,000, 11,000, har ta dawo 415 tsakanin fes da fes. Fes ɗaya da wayar nutural su ke ba gidajenmu 240.

To, mu ɗauka wani manomi a Dangoma ya sayar da shinkafarsa, ya sayo injin casa ƙirar Sin mai bolt 380, ya kuma yi sa'ar babban janareta na hannu da araha. An sauke shi daga mota, sai aka ga bolt 600 rubuce a jikinsa, irin na masana'antun Kanada. Ya haɗa su kai tsaye, wayoyin cikin motar injin su ƙone, kuɗin noman bana su bi hayaƙi.

Maganin taransifoma ne. Babu abin da ke juyawa a cikinta, naɗin waya ne guda biyu a jikin ƙarfe ɗaya, bisa abin da Michael Faraday ya gano a 1831. Yawan naɗi shi ne yawan bolt. In ɓangaren shiga yana da naɗi 600, na fita 400, bolt 600 zai fito 400, kuma wannan injin casar zai iya ɗauka. Lissafin aji biyu ne, ba tsafi ba.

Sai dai ga inda ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Kanada da Amurka sau 60, kuma taransifoma ba ta taɓa wannan. Motar injin za ta ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, belt ya yi zafi, shinkafa ta kakkarye. Dole makaniki ya rage gudun janaretan daga juyi 1,800 zuwa 1,500 a minti. Yin haka kuwa yakan sauko da bolt ɗin zuwa wajen 500, ƙarfin janaretan ma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ke nan taransifomar da za a nema ta 500 zuwa 400 ce, kuma ba kasafai ake samunta a shago ba, sai an sa an naɗa.

Da na Amurka mai bolt 480 ya sayo, da ya huta: a rage masa gudu, ya dawo 400 daidai, ba sai da taransifoma ba.

Duk wannan yana kan ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin kowane janareta da injin. Wanda Baba zai tafi da shi kasuwa cikinku, ya karanta masa bolt da lambar da ke gaban Hz kafin a yi ciniki. Wayoyin kuwa kada ku taɓa, ku bar wa masu sana'ar.