Inda Ka Ajiye Lasifika Shi Ne Rabin Sautinta

Mutum zai tara kuɗi ya sayo lasifikoki masu tsada, ya cusa ɗaya a lungu, ɗayar kuma ya ɓoye ta bayan kujera don kada yara su taɓa. Da ya kunna waƙa sai gurnani ya cika falo, muryar mawaƙin ta dusashe, shi kuwa ya ce an cuce shi. Sau da yawa kayan ba su da laifi. Sautin da ke shiga kunnenka a ɗaki ba duka ne ya taho kai tsaye daga lasifika ba. Kaso mai yawa sai da ya bugi bango da daɓe da silin kafin ya iso. Ke nan ɗakin ma yana cikin kayan kiɗan.

Duk mai sauraron rediyo ya san kalmar zango, to sauti ma yana da nasa. A cikin iska yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Sauti mai kauri, irin amon tambari, dogon zango gare shi: wanda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawonsa ya kusa mita 7, shi ya sa yake bazuwa ko'ina har bayan akwatin lasifikar. Siririn sauti mai kaɗawa sau 10,000 bai wuce santimita 3 da rabi ba, kuma gaba yake nufa kamar hasken tocila.

Da zarar ka matsa da lasifika jikin bango, amo mai kauri zai ƙaru, a kusurwa kuma ya fi ƙaruwa. Idan fuskarta na da tazarar mita 1 daga bangon baya, sautin da ya dawo daga bangon zai raunana wanda ke kaɗawa wajen sau 86 a daƙiƙa, sai ka ji wani sashe na kiɗan ya yi rami. Saboda haka matsawar taƙi ɗaya kan sauya abin da kake ji.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ƙirar lasifika ita ke faɗa maka inda take son zama. Rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka a 1954, yana amfani da iskar da ke kulle a ciki wajen riƙe motsin faifan da ke fitar da sauti. Amonsa a ɗaure yake, kuma ya fi haƙuri da kusancin bango. Akwati mai ƙofar iska ya fi ba da amo mai nauyi, amma idan ƙofar a baya take, sai ka bar mata fili, in ba haka ba gurnani ya danne komai. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946, don kusurwa aka yi ta: bangaye biyun su ne ke ƙarasa bakin ƙahonta. Ita kuwa Quad ta Peter Walker, wadda ta fito a Ingila a 1957, siririyar leda ce mai kaɗawa da lantarki tana fitar da sauti gaba da baya. Irinta na buƙatar kamar mita guda a bayanta. Akwai kuma ƙarama, LS3/5A, da BBC ta tsara a shekarun 1970 don ƙananan wurare kamar motocin ɗauko shiri. Ita a kan tsayayyiyar ƙafa take so, kusa da mai sauraro. Don haka tun kafin ka biya kuɗi, ka duba ko falonka zai iya ba ta abin da take nema.

Bayan haka sai batun zama. Tun 1931 da injiniya Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar sitiriyo a Ingila, manufar ita ce lasifika biyu su sa kunne ya gane inda kowane sauti yake. Ka sa su biyun da kanka su zama kamar duwatsun murhu, tazara daidai wa daida: idan mita 2 da rabi ne tsakaninsu, to haka ya kasance daga kowacce zuwa kujerarka. Ka ɗan karkato fuskokinsu gare ka, ƙaramin faifan sama mai fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnenka kana zaune. Idan abin ya daidaita, za ka ji muryar mawaƙi ta tsaya a tsakiya, inda babu lasifika, mai kalangu a gefe, 'yan amshi a bayan mawaƙin. Kada ka jingina kujera da bango, kada kuma ka kafa ta a tsakar ɗaki cif, domin a nan wani amon kan ɓace.

Falon siminti mai tayil yana mayar da sauti sosai. Tsaya ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji ƙara tana bin tafin, ɗakin na neman abu mai laushi. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da lasifikokin. Sannan ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo maka. Sa labule mai nauyi ko kantar littattafai a wurin.

Sauran aikin na haƙuri ne. Zaɓi waƙa ɗaya da ka sani ciki da bai, ka matsa lasifikokin kaɗan, ka koma ka saurara, ka sa alama a ƙasa inda ya fi daɗi. Yammaci guda na irin wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma shi zai sa ka ji abin da ka biya kuɗinsa tun ranar farko.