Akwatin da Ke da Suna: Yadda Makuro Ke Karanta Adadi a Excel

Ranar 1 ga Fabrairu 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Akawun da ya ajiye adadin a akwati ɗaya na Excel, ya raɗa wa akwatin suna, nan take ya gama gyara. Wanda kuwa ya warwatsa 0.05 cikin lissafe-lissafensa da makuro, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a ce babu wanda ya kuɓuce masa.

Makuro jerin umarni ne da ake rubuta wa manhajar lissafi domin ta riƙa maimaita aiki da kanta. Tun zamanin Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983, ake haɗa makuro da sunayen akwatuna. Excel ta samu harshen VBA a 1993, kuma da shi ake rubuta makuronta har yau.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan aka cusa sabon layi a saman shafi, Excel tana gyara duk lissafin da ke nuni da akwatin B2, ya koma B3. Amma ba ta taɓa rubutun makuro. Umarnin Range("B2").Value zai ci gaba da ɗauko abin da ya tarar a B2, ko kwanan wata ne, ko ma ba komai, kuma ba lallai ya yi gargaɗi ba. Wannan shiru shi ya fi tayar mini da hankali, domin takardar biyan kuɗi za ta fita tsaf da adadin da ba shi ba. Suna kuwa yana bin akwatinsa duk inda aka tura shi. A raɗa masa Haraji, a rubuta Range("Haraji").Value, a huta.

Sai dai karanta sunan ma yana da nasa tarko. Range ba tare da an faɗi kundi ba yakan duba kundin da ke gaba a lokacin, wanda ba lallai shi ne mai makuron ba. Shi ya sa na fi amincewa da ThisWorkbook.Names("Haraji").RefersToRange.Value, duk da tsawonsa. Masu koyo da dama sukan tsaya a Names("Haraji").Value, sai su ga an ba su adireshi irin =Sheet1!$B$2 maimakon 0.075, domin abin da sunan ke riƙe da shi ke nan. Akwai kuma sunan da ba ya nuni da akwati ko ɗaya, adadi kawai aka ɗaura masa. RefersToRange zai tsaya da kuskure a kansa. Evaluate("Haraji") ne ke fito da shi.

Idan sunan ya rufe akwatuna da yawa, abin da zai dawo jeri ne mai layi da ginshiƙi, ƙidayarsa daga 1 take farawa. A guji sa Text a madadin Value wajen lissafi: abin da ido ke gani kawai yake bayarwa, har da #### idan akwatin ya yi ƙunci. Value2 ya fi tsafta, don ba ya mayar da adadi kwanan wata ko kuɗi.

Zaɓen sunan ma sai an lura. Tun Excel 2007 ginshiƙai sun kai 16,384, har zuwa XFD, layuka kuma 1,048,576, don haka VAT2020 adireshin wani akwati ne na gaske, manhajar ba za ta karɓe shi a matsayin suna ba. VAT_2020 ne zai shiga. Kafin a miƙa kundi ga wani, a danna Ctrl da F3, a duba jerin sunayen, a gyara duk wanda ke nuna #REF! saboda an goge layinsa.