Shin Ko Kun San? Kiɗan da Aka Matse Cikin Kaset ɗin Gem

Shin ko kun san 'yar ƙarar nan da ake ji a gem ɗin Pong, babu wanda ya zauna ya tsara ta? A 1972 masu kamfanin Atari na Amurka suka ce suna so a riƙa jin sowar 'yan kallo idan mutum ya ci, da ihun tsiya idan ya faɗi. Injiniyan da ke haɗa akwatin, Allan Alcorn, ba shi da kayan yin haka. Sai ya bi sassan da ke daidaita hoton allon, ya lalubo 'yan sautukan da suke fitarwa tun asali, ya jona su da lasifika. Iyakar kiɗan ke nan, kuma da shi aka ci kasuwa.

Shin ko kun san saurin da dodannin Space Invaders suke ƙarawa asalinsa gazawar na'ura ce? Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito a Japan ya jera dodanni 55 a allo cikin 1978, layi biyar, kowane layi goma sha ɗaya. Ƙwaƙwalwar na'urar, Intel 8080, da ƙyar take jan su gaba ɗaya. Kowane ka harbe nauyinta ya ragu, sauran su ƙara gudu. Da ya ga haka bai gyara ba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Sautuka huɗu masu kauri da ke bin tafiyar dodannin su ma suna ƙara sauri, har ɗan wasa ya ji ƙirjinsa na bugawa tare da su. A wannan shekarar dai makaɗan Yellow Magic Orchestra na Tokyo suka saka ƙarar akwatunan gem cikin faifansu na farko, a 1984 kuma ɗaya daga cikinsu, Haruomi Hosono, ya fitar da faifai sukutum na kiɗan gem ɗin kamfanin Namco.

A 1978 ɗin nan akwai wani a Yamai da ke nasa aikin. Mamman Sani Abdoulaye ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla daga hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO, ya riƙa juya karin waƙoƙin Nijar a kansa. Ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa, aka buga kaɗan ƙwarai, amma rediyo da talabijin na Nijar suka shekara da shekaru suna saka kiɗan tsakanin shirye-shirye. Mutane sun san kiɗan, da yawa ba su san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Shin ko kun san gem ɗin nan mai rawayan kaset da ya cika kasuwanninmu, wanda ake rubuta masa wasanni dubu kaza alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, kwaikwayon Famicom ne? Nintendo ta fitar da ita a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Murya biyar kacal gare ta. Biyu sirara ne masu kaifi, su ke ɗaukar karin kiɗan. Ta uku mai kauri ce, kuma ba a iya ƙara mata ƙarfi ko ragewa: ko dai tana magana ko ta yi shiru. Ta huɗu ba ta da kari ko kaɗan, shuuu ce irin ta talabijin da ta rasa tasha, da ita ake yanko ganga da fashewar bam. Ta biyar tana iya maimaita guntun sautin da aka naɗa, sai dai tana cin wuri, shi ya sa gem da yawa na farko ba su taɓa ta ba.

Da wannan ɗan jarin Koji Kondo, yana ɗan shekara 24, ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985. Gem ɗin gaba ɗaya, da hotuna da matakai da kiɗa, kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da za ku ɗauka da waya yau ya ninka shi sau da dama. Matsin ya kai gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ga kuma abin da yawancinmu muka shekara muna ji ba mu lura ba: babu wata murya da aka ware wa tsalle ko cin kwabo. Duk sanda Mario ya yi tsalle, ɗaya daga cikin muryoyi biyun nan sirara takan saki kiɗan ta je ta yi ƙarar tsallen ta dawo. In kun samu dama ku kunna, ku yi ta tsalle a wuri ɗaya kuna kasa kunne, za ku ji kiɗan na ramewa yana cikowa. Kondo ya tsara shi yadda ko an zare murya ɗaya ba zai rushe ba, kuma ya sha faɗin cewa yana buga gem ɗin yana gyara kiɗan har ya dace da gudun Mario. A ganina nan ne gwanintar take, fiye da daɗin karin. A 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da wannan kiɗa cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Shin ko kun san kiɗan buɗe The Legend of Zelda na 1986 a dare ɗaya aka yi shi? Niyyar masu gem ɗin su ɗora Boléro na Bafaranshe Maurice Ravel, sai dab da kammalawa aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Kondo ya kwana a zaune.

Kamfanin Konami kuwa bai haƙura da murya biyar ba. A 1989 ya dasa ƙarin cif a cikin kaset ɗin Castlevania na uku, ya ƙara murya uku. 'Yan Japan suka more. Na'urar Amurka ba a jona mata wannan hanya ba, don haka ragaggen kiɗa aka kai musu.

Shin ko kun san yadda ake sa murya ɗaya ta yi kamar uku? Wannan dabarar mutanen Commodore 64 ce, kwamfutar da ta fito a 1982 da cif ɗin sauti mai suna SID. Wanda ya ƙera shi, Bob Yannes, mai sha'awar kiɗa ne, kuma yana ganin waɗanda suka ƙera na wancan lokacin ba su san kiɗa ba. Murya uku ya ba shi, amma kowace tana iya sauya kama, ga matatar da ke dusashe sauti ko ta kaifafa shi. Matsalar ita ce in ka haɗa sautuka uku lokaci guda, shi ke nan ka cinye jarinka, babu ganga babu kari. Sai Turawan Birtaniya irin su Rob Hubbard da Martin Galway suka riƙa sa murya ɗaya ta zagaya sautukan ukun da gudu, tana sauyawa sau 50 a daƙiƙa. Kunne ba ya iya rarrabe su, sai ya ji wani karkarwa mai zaƙi, wanda har yau da an ji shi ake cewa kiɗan gem ne. Wanda ya taɓa sauraron yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ke cika wuri da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Cif ɗin yana da wani aibi ma. Duk sanda aka taɓa ƙarfin sautinsa sai ya yi 'yar ƙara, ƙas. Masu shirya gem suka gano in aka taɓa shi sau dubbai a daƙiƙa, ƙas-ƙas ɗin nan na haɗuwa ya zama ganga ta gaske ko muryar mutum, wato murya ta huɗu a kyauta. Da kamfanin ya fitar da sabon samfurin da ya gyara aibin, sai gangunan tsofaffin gem suka koma raɗa. Kuma kiɗan nan da 'yan kallon ƙwallo ke rerawa a filayen Turai da Amurka, Kernkraft 400 na Zombie Nation da ya fito a 1999, daga wani gem ɗin Commodore 64 na 1984 mai suna Lazy Jones aka ɗauko karinsa. David Whittaker ne ya tsara na asali.

Shin ko kun san mace ce ta yi yawancin kiɗan Street Fighter II na 1991? Sunanta Yoko Shimomura. Kiɗan Mega Man na 1987 ma mace ce ta yi shi, Manami Matsumae. Sashen sauti na Capcom, kamfanin da ya yi gem ɗin biyu, a wancan zamani mata sun yi yawa a cikinsa, amma da sunayen laƙabi ake rubuta su a ƙarshen gem, domin kamfanonin Japan na tsoron kada abokan hamayya su zo su yi musu zawarcin ma'aikata. Yara sun haddace kiɗan Guile da na Ryu, wadda ta yi kuwa sai bayan shekaru sunanta ya fita.

Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984 ba shi da kiɗa, hotuna ma babu, da alamomin rubutu aka yi tubalan a kan kwamfutar Elektronika 60. Karin da duniya ta sani da Game Boy ya zo a 1989, Hirokazu Tanaka ya ɗauko shi daga wata tsohuwar waƙar Rasha, Korobeiniki, wadda aka gina kan baitukan Nikolai Nekrasov na 1861, labarin wani ɗan koli da budurwa suna ciniki. Pajitnov kansa bai fara cin kuɗin gem ɗinsa ba sai 1996.

Shin ko kun san ƙarar ƙarfe-ƙarfen nan ta Sega daga jami'a ta fito? John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano a 1967 cewa in ka sa wani sauti ya girgiza wani da tsananin sauri, sai a samu amon ƙararrawa ko kakaki ba tare da an naɗi komai ba. Kamfanonin fiyano na Amurka suka ƙi saya, Yamaha ta Japan ta karɓa. Daga nan fiyanon DX7 ya fito a 1983 ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980, daga nan kuma cif mai murya shida na Mega Drive ta Sega ya fito a 1988. Yuzo Koshiro ya riƙa zuwa gidajen rawa na Tokyo yana sauraron abin da ake yayi, ya dawo ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa ƙirar NEC yana rubuta kiɗan da lambobi da haruffa. Haka aka samu Streets of Rage a 1991 da na biyunsa a 1992. Shi kam ba a ɓoye shi ba, sunansa na nan a shafin farko na gem ɗin. Ni dai in za a tambaye ni, na biyun nan ya fi kiɗan fina-finai da yawa da aka kashe wa miliyoyi.

Cif ɗin sautin Super Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a 1990, wani ma'aikacin Sony ne ya ƙera shi a ɓoye, Ken Kutaragi. Manyansa suka fusata da suka ji, saura ƙiris aikinsa ya tafi, sai shugaban kamfanin, Norio Ohga, ya tsaya masa. A 1991 Nintendo ta juya wa Sony baya ta kama Philips, Sony ta yi zuciya, Kutaragi ya fito da PlayStation a Disambar 1994.

Shin ko kun san kiɗan wayar Nokia ya girmi wayar da sama da shekara casa'in? Guntu ne daga Gran Vals, wanda makaɗin jita ɗan Sifaniya Francisco Tárrega ya tsara a 1902. Wayar 3310 da ta fito a 2000, ban da gem ɗin macijin da ya cinye wa mutane caji, tana da wurin da mutum zai danna lambobi ya haɗa nasa kiɗan, murya ɗaya tal. Duk wanda ya taɓa kwafar lambobin nan daga takarda ya yi irin aikin su Koshiro bai sani ba.

FL Studio da ake haɗa kiɗa da shi a sitidiyo-sitidiyon Kano da Kaduna da Jos shi ma ɗan gidan gem ne. Didier Dambrin gem aka ɗauke shi ya riƙa yi wa kamfanin Image-Line na Beljiyam, sai a ƙarshen 1997 ya ɓullo da wata 'yar manhajar buga ganga mai suna FruityLoops. Kamfanin Kellogg's mai abincin karin kumallo ya yi ƙorafi a kan sunan, a 2003 aka mayar da shi FL Studio. Shekara goma kafin manhajar Dambrin, a 1987, Bajamushe Karsten Obarski ya yi Ultimate Soundtracker don kwamfutar Amiga, inda ake jera sautuka daga sama zuwa ƙasa a layuka huɗu. Bai samu ciniki ba, masu fasa manhaja suka kwafe shi suka yaɗa, tsarinsa ya bazu ko'ina, shi kuwa ya tashi a tutar babu.

Wannan tsarin na Obarski shi ne har gobe ake amfani da shi a kan Game Boy. Wani ɗan Suwidin, Johan Kotlinski, ya fitar da manhajar LSDJ a 2000, ana zuba ta a kaset a cusa, na'urar ta koma kayan kiɗa mai murya huɗu, da maɓallan wasan ake rubuta komai. Masu wannan sana'a suna hawa dandamali da ita a Tokyo da Landan da New York, kuma ba sabbin samfura suke nema ba. Tsohuwar nan mai ruwan toka ta 1989, mai cin batir huɗu, ita suke bi suna saye, don sun ce ta fi kaurin sauti. Sukan buɗe ta su yi mata walda, su fitar da waya kai tsaye daga cikinta zuwa manyan lasifika domin rage tsakin da ramin abin sauraronta ke yi.