Nisan Agadas da Balma: Awon Jirgi da Awon Raƙumi

Duk dattijon da ya san cinikin gishiri a Kasuwar Kurmi ya san kantu, ya kuma san daga Balma yake fitowa, can ƙasar Kawar a arewa maso gabashin Nijar. Abin da nake so in warware wa malamai a nan shi ne nisan da ke tsakanin wannan gari da Agadas, domin taswira takan ruɗi yara.

Idan aka auna a miƙe, wato yadda jirgin sama ke ratsawa, tsakaninsu kimanin kilomita 560 ne. Wannan ya ɗara nisan Kano da Maiduguri a miƙe, wanda bai wuce kilomita 500 da 'yan kai ba. Ƙaramin jirgi mai cin kilomita 250 a awa zai yanke shi cikin awa biyu da kwata. Sai dai jirage sun fi sauka a filin Dirku, ƙasa da kilomita 50 arewa da Balma. Filin Agadas kuwa sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, jagoran Abzinawan nan da ya rasu a haɗarin jirgin sama a shekarar 1995.

To, amma madugu ba da kilomita yake lissafi ba, da rijiya yake yi. Ayarin Buzaye yakan tashi daga Abzin bayan kaka, ɗauke da gero da za a musanya da gishiri da dabino, ya shafe mako biyu zuwa uku kafin ya isa. Yakan bi ta rijiyar Bishiyar Tenere, sannan Fachi, garin Barebari mai dabino, domin tsakanin waɗannan zanguna babu ruwa, babu ko tsinken ciyawa. Saboda haka raƙuma ke ɗauke da abincinsu, har akan ajiye dammunan ciyawa a hanya don dawowa. Ayarin da ya kauce wa rijiya da ɗan taƙi, to, sai dai wani ikon Allah. Ita bishiyar, wadda ta zame wa matafiya alama shekara da shekaru, wata babbar mota ce ta kayar da ita a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

A ganina kuskure ne malami ya ba yaro adadin kilomita kaɗai ya wuce. Yaron zai ɗauka zuwa Balma kamar zuwa Maiduguri ne, alhali hanyar Maiduguri kwalta ce mai garuruwa a jere, irin su Wudil da Potiskum da Damaturu, ta Balma kuwa rairayi ne, ko mota sai mai jan ƙafa huɗu da jagoran da ya san hamada. Gara a rubuta awon biyu a allo: na jirgi da awa, na ayari da kwana.