Ba a Sanin Buhu Daga Bakinsa

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Bakin Birji ya san ba a yarda da abin da ke bakin buhu. Mai saye na ƙwarai sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo na ƙasa, ya murza a tafi, ya hure, ya tauna ƙwaya biyu don ya ji na bana ne ko ya kwana a rumbu. Bayan nan ake maganar kuɗin tiya.

Masu auna halayen ƙasashe ba kasafai suke shan wannan wahalar ba. Fitaccen cikinsu, Geert Hofstede ɗan ƙasar Holan, ya gina aikinsa ne kan amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM da aka tara daga 1967 zuwa 1973. A ma'auninsa na "kowa tasa ta fisshe shi", Amurka ta samu maki 91, Afirka ta Yamma 20. Wannan Afirka ta Yamma kuwa Gana ce da Najeriya da Saliyo aka haɗa wuri guda; Nijar ba ta ciki. Ma'aikatan ofis ƴan birni aka tambaya, wato bakin buhu.

Gaskiya ne mu mutanen zumunci ne, amma lamba ba ta faɗin yadda zumuncin yake. A Damargu kaɗai, daga Tanut zuwa Belbeji, Dagra da Hausawa da Buzaye da Fulani rijiya ɗaya suke sha, kowa da irin tasa karar. Bafulatanin da fari ya cinye wa garke, ɗan'uwansa zai ba shi karsana habbanaye: ya riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Babu takarda, babu ruwa, kunya ce kaɗai jingina. Manomin Gangara da ciyawa ta fi ƙarfinsa gayya yake kira. Buzu a gaban surukinsa zai ja amawali ya rufe baki. Babarbare ya tare Bafulatani tsakiyar kasuwa ya kira shi bawansa, a kwashe da dariya. Wannan wasan taubasantaka na Nijar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014.

Kuma mutanen nan dai su ne ke kai juna gaban sarki kowace kaka saboda ɓarnar gona da toshe burtali. Shi ma halinmu ne, bai kamata a ɓoye ba.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna karanta makin da aka ba wasu su ɗauka hotonsu ne. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, Tanut ba ta yi muku nisa ba. Ku je ku zauna da dattawan Tarka da na Olelewa, ku tambaye su da harshensu, ku rubuta tun suna raye.