Bayan BAK: kwamfuta ko injiniyanci, zaɓin da ke hana ɗalibai barci

Da sakamakon BAK ya fito, murna ba ta wuce mako guda a gidajen waɗanda suka yi sashen C, D ko E. Daga nan sai muhawara ta ɓarke. Uba yana son ɗansa ya zama injiniya, yaro kuwa hankalinsa na kan kwamfuta. Sau da yawa yayan da ke Abijan ko Aljeriya, wanda shi zai aiko kuɗin rajista, shi ma yana da tasa maganar a WhatsApp.

Abin da ake yawan mantawa shi ne hanyoyin biyu ba tsawonsu ɗaya ba. A tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, lisansi a kimiyyar kwamfuta shekara 3 ce. Takardar cikakken injiniya kuwa sai an yi shekara 5 bayan BAK, kuma makaranta irin EMIG ta Yamai ba a shiga sai an ci jarrabawar gasa. Ga gidan da ke jiran albashin farko, shekara 2 ba wasa ba ne. Akwai dai hanyar tsakiya: IUT ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi tana horar da ƙwararru a fannin gini da lantarki cikin ɗan gajeren lokaci.

Injiniya yana da abin nunawa. Matatar man SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ga tashar hasken rana ta Gorou Banda da madatsar Kandaji da ake ginawa. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, kowa ya ga amfanin masu ilimin lantarki. Sai dai aikin injiniya yana bin manyan kwangiloli ne. Idan kuɗin aiki ya tsaya, shi ma ya tsaya, kuma ba ya iya gina gada a ɗakinsa.

Mai kwamfuta yana iya hakan. Daga Tawa yana iya rubuta manhaja ga kamfanin da ke Dakar, in dai akwai wuta da intanet, abubuwan da ba kullum ake samu ba. Amma nan ne da yawa ke ruɗuwa. Suna shiga da tunanin za su koyi Word da Excel ko gyaran waya, sai su tarar da lissafi tsagwaronsa tun shekarar farko. Wanda ya gudu daga injiniyanci don tsoron lissafi bai tsira ba. Kuma a wannan fanni takarda kaɗai ba ta ɗaukar mutum aiki. Bankuna da kamfanonin waya irin su Airtel da Moov suna son ganin abin da hannunsa ya taɓa yi. Ɗalibin da ba shi da kwamfutar kansa, yana jiran ta aro, ya fara da rauni.

Akwai wani bambanci da ya kamata a auna. Wanda ya karanta lantarki yana iya koyon rubuta manhaja daga baya, da dare, a intanet. Wanda ya karanta kwamfuta ba zai sa hannu a taswirar bene ba, komai basirarsa. Don haka mai shakka, in yana da ƙarfin lissafi da fizik kuma gida na iya jira, injiniyanci ya fi bar masa ƙofofi a buɗe.

Ga ƴan'uwa da ke waje masu biyan makarantu masu zaman kansu, kafin a tura ko dala, a tambayi makarantar ko gwamnati ta amince da ita, da kuma ko hukumar CAMES ta san da takardar da take bayarwa. In ba haka ba, ranar neman masta a Dakar ko Wagadugu ake gane an yi asara.