Ɗan tunkiyar da ya kasa tsayuwa

A gidajen Barunde, kamar sauran unguwannin Gombe, tumaki da awaki kan shafe rani a turke, abincinsu harawa da ƙowa da dusa. Ciki yana cika, amma busasshen abinci yana da giɓi. Bitamin E yana da yawa a ɗanyar ciyawa, sai dai da an yanke ta an shanya an ajiye, sai ya riƙa raguwa wata bayan wata. Abokin aikinsa shi ne sinadarin seleniyam, wanda tsiro ke zuƙa daga ƙasa. Su biyun ne ke kare tsoka daga lalacewa.

Uwa takan jure rashinsu. Ɗanta ne ke shan wahala. Za ka ga ɗan tunkiya ko ɗan akuya yana tafiya a sandare, ya gantsare baya, ko ya kwanta ya kasa kai baki ga nono duk da yana jin yunwa. In abin ya taɓa zuciya, sai ya faɗi matacce yana tsakar tsalle, a ce sammu ne ko kambun baka. Da za a feɗe shi, da an ga fararen zane a cikin tsokar. A 1958 ne masu bincike a Oregon ta Amurka suka nuna cewa seleniyam yana hana wannan cuta. 'Ya'yan alade ma, irin waɗanda ake kiwo a wajen Billiri da Kaltungo, tana kashe su farat ɗaya, kuma sau da yawa waɗanda suka fi saurin girma take ɗauka.

Rigakafin yana wajen uwa. Seleniyam yana isa ga ɗa tun yana ciki, amma bitamin E ba ya ratsa mahaifa sosai, sai ta dakashi. Don haka mai tsohon ciki ta samu ɗanyen ganye da gishirin lasa mai sinadarai, ɗan kuma ya sha dakashi tun a sa'o'in farko.

Allura kuwa a bar wa likitan dabbobi. Mun saba sayo kwalba a kasuwa mu tsira da ka, alhali tsakanin seleniyam mai magani da mai kisa tazarar kaɗan ce. A 2009, dawakin folo 21 suka mutu a Florida saboda kuskuren awo da ya sa aka zarce musu da shi.